Maraɗi da damina: wa da ƙane a filin ƙwallo

Wanda ya taso daga Yamai za shi Maraɗi, sai ya ci kilomita fiye da 600 bisa babbar hanya. Zai bi ta Doso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni da Madawa. In cikin watan Agusta ne, duk inda ya duba kore ne shar. Hatsi ya kai ƙugu, wani wuri ma ya rufe mutum. Gawo kaɗai ke tsaye ba ganye cikin gonaki, don shi da damina yake zubar da nashi. Bayan Gidan Rumji sai Tsibirin Gobir. Daga nan saura kaɗan a shiga gari.

Maraɗi tana bakin gulbi. Gulbin daga ƙasar Katsina ta Najeriya yake fitowa, ya bi ta wajen Madarunfa, ya ratsa gindin gari, ya sake komawa Najeriya. Da rani yashi ne zalla, yaro ma ƙetare shi yake da ƙafa. Da damina kuwa ba a yi mashi wasa. Tsohon garin cikin fadama yake. A shekarar 1945 ruwa ya ci shi, mutane suka kwashe kaya suka hau tudu. Garin da ake gani yau shi ne na bisa tudun, da unguwanninsa irin su Mokoyo, Ɗan Gulbi, Bagalam, Maraɗawa, Limanci, Sabon Gari, Zariya da Ali Ɗan Tsoho.

Kowa ya san Maraɗi da kasuwa. Kowa ya san ta da jar akuya, wadda fatarta ta yi suna har ƙasashen waje. An san ta kuma da kokowa. Kantu, mutumin Maraɗi, shi ne ya fara ɗaukar takobin ƙasa a Tawa cikin 1975, kuma sunansa aka sa ma filin kokowar garin. Amma akwai wani wasa da ya ci zuciyar yaran Maraɗi, shi ne ƙwallon ƙafa, wanda suke ce ma balo.

Garin yana da abin tunawa game da ƙwallo. A 1983 ƙungiyar Jangorzo ta Maraɗi ta zama zakaran Nijar baki ɗaya. Shekarar da ta biyo, 1984, ƙungiyar Espoir ta Damagaram ta karɓa. Manya har yau suna ba da labarin waɗanga shekaru biyu, lokacin da kofi ya bar Yamai ya kwana gabas. Akwai kuma ƙungiyar Ɗan Kasawa, mai sunan sarkin Katsinawan da suka zauna Maraɗi. A watan Fabrairu na 2019 an yi gasar Afirka ta samari ƴan ƙasa da shekara 20 a Nijar. Rabin wasannin farko a babban filin Maraɗi aka buga su. Yaran gari sun ga ƴan Mali, Senegal, Gana da Burkina Faso da idonsu. Mali ce ta ɗauki kofin a Yamai, bayan ta ci Senegal da bugun fanareti.

Ba a babban fili ƙwallon Maraɗi yake kwana ba. Mai son ganinsa ya fita bayan la'asar ya zaga unguwanni.

Da rani fili ba ya wuya. An girbe gonakin bakin gari, an kwashe kara, yara su kafa duwatsu biyu nan, biyu can, wasa ya tashi. Da ruwa ya sauka sai filayen su koma hannun masu su. Inda ake buga ƙwallo jiya, yau hatsi ne da wake. Wanda ya bi ƙwallo cikin shuka, shi da mai gona. Don haka yara ke komawa farfajiyar lakwal, tun da an rufe ta don babban hutu daga Yuli har ƙarshen Satumba. Su cire tsidau da ƙarangiya, su kafa itacen dogon yaro biyu, su ɗaura igiya bisa. Gidan ƙwallon manya faɗinsa mita 7 da ɗan ƙari, tsawonsa sama mita 2 da kusan rabi. Na yara, taki ake aunawa, kuma kowace unguwa tana zargin ɗayar da cewa takinta gajere ne in za ta auna nata gidan.

A cikin wanga hutu ne ake gasar unguwanni. Samari manya ke shirya ta. Su kafa kwamiti, su rubuta sunayen ƙungiyoyi, su yanke shekarun waɗanda za su buga. Kowane yaro ya kawo abin da ya samu, dala 10 ko dala 20, a haɗa a sayi ƙwallo da usur. Wani ɗan kasuwa ya ba da riguna, wani ya ba da kofi. Ana mako shida ko bakwai ana fafatawa.

Sai dai babban hutu da aikin gona lokacinsu ɗaya. Yawancin gidajen bakin Maraɗi manoma ne, ko da suna da wata sana'a. Ana shuka cikin Yuni in ruwa ya zo da wuri. Noman fari ya biyo, sannan maimai. Haki ba ya jiran kowa. Gonar da ba a yi ma maimai kan lokaci ba, ana ganin abin cikin rumbu. Yaron da kwamiti ke nema a fili, shi ne ubansa ke nema a gona.

A daminar 2025, cikin wata unguwa ta bakin gari, akwai wani gida mai ɗiya uku. Uban manomi ne, gonarsa tana jigawa, tafiyar kusan awa guda da ƙafa. Babban ɗan a ƙauye aka haife shi, kafin su dawo birni. Ba a sa shi lakwal ba. Ya yi karatun allo, kuma da rani yakan zauna bayan manya a makarantar yaƙi da jahilci, har ya fara haɗa baƙaƙe. Dogo ne, hannuwansa manya, hauya ta sa su kanta. Shi ne mai tsaron gidan ƙungiyar unguwarsu. Ƙanensa ɗan lakwal ne, siriri, gudu gare shi kamar zomo. Gaba yake bugawa. Autarsu mace ce, ita ma tana lakwal. Ita ke kai gujiya dafaffa bakin fili, kuma ita ke rubuta ci cikin bayan littafinta na lissafi.

Takalmi ɗaya suke da shi su biyu, na roba, irin mai igiya. Ga babban ya yi matsi, ga ƙaramin ya yi yawa. Suka shirya tsakaninsu: mai tsaron gida ba ya gudu, ya tsaya ba takalmi. Ƙaramin ya cusa tsumma ciki ya sa.

Da suka zo ma uban da maganar gasa, yana gyaran ƙotar hauya. Bai ɗaga kai ba.

Ya ce: "Ƙwallo ake ci da dare?"

Babban ya ce: "A'a, Baba."

"To maimai ya saura. Wa zai yi mani shi?"

Maganar uban gaskiya ce. Ba mugunta ba ce, kuma ba rashin son ɗiya ba ne. Mutum ɗaya ba ya noma abin da baki biyar za su ci shekara. Ɗaukar ɗan ƙwadago kuwa sai mai kuɗi. Masu cewa iyayen ƙauye ba su san amfanin wasa ba, su fara shiga gona cikin Agusta su ga yadda haki ke tashi kwana uku bayan ruwa.

Babban ne ya samo hanya. Ya ce: "Baba, mu riƙa fita daga sallar asuba. Ba za mu jira fura ba, Inna ta aiko auta da ita. Abin da muke nomewa zuwa la'asar, mu nome shi zuwa azahar. In ka ga kunya ɗaya ta ragu, ka hana mu."

Uban ya yi shiru. Can ya ce: "Ciyawar awaki fa?"

Ƙaramin ya ce: "Ni zan yanko ta kan hanyar dawowa."

Haka aka fara. Tun duhu suke fita, raɓa na jiƙa masu wando. Hanyar gonar ta bi gefen wani burtali, inda shanun Fulani ke wucewa zuwa makiyaya. Su noma har rana ta take tsaka. Su dawo da damin ciyawa bisa kai, su zuba ma jajayen awakin uwarsu, su yi wanka, su yi salla, su kama hanyar fili. Ranar da babu wasa, sai su wuni gona su biya bashin jiya.

Bakin fili kasuwa ce ƙarama. Ƴan mata da farantan gujiya da masara gasassa, masu ruwan sanyi, masu rake. Tsofaffi na zaune bisa tabarma gindin dogon yaro, suna cewa ba ƙwallo suka zo gani ba, iska suke sha. Amma in an yi ci, su ne farkon tashi. Masu babur su jera babura su zauna bisa. In hadari ya taso daga gabas, alƙalin wasa ya dubi sama, ya hura usur, kowa ya ruga gida. Wanga abu daidai ne, don fili buɗaɗɗe da gindin itace ba wurin tsayawa ba ne in ana tsawa.

Wasan fari sun ci biyu da ɗaya. Na biyu aka yi kunnen doki. Na uku ƙaramin ya ci biyu shi kaɗai. Wanda ya kalle su sau ɗaya ya san ƴan gida ɗaya ne. In babban ya kama ƙwallo ba ya kiran suna. Harbawa yake gefen hagu da nisa, don ya san ƙanensa ya riga ya tashi. Tun suna ƙanana suke haka a tsakar gida da ƙwallon tsumma. Amma kuma ba wanda yake ma ƙaramin faɗa kamar wansa. In ya riƙe ƙwallo ya ƙi ba wani, daga can bakin gida ake jin murya: "Kai! Kai kaɗai ne a fili?" Da dare a ci tuwo ba mai yi ma wani magana. Da asuba kuma a saɓa hauya tare.

Mako na huɗu ruwa ya yi kwana uku yana zuba. Haki ya taso ma gonar gaba ɗaya, ga ƙuduji ya fara fitowa gefen gabas. Uban ya ce wasa ya ƙare. A nan ƙungiyar ta yi abin da kakanninsu suka sani. Suka kira gayya. Yara 14 suka zo da hauyoyin gidajensu ran Alhamis da safe. Uwar ta dama fura babbar ƙwarya. Kafin azahar sun gama abin da mutum uku za su kwana huɗu suna yi. Ba duka suka iya noma ba. Ƴan tsakiyar gari biyu sun sare hatsi fiye da haki, har uban ya karɓe masu hauya ya ce su riƙa cire ƙuduji da hannu. Da za su tafi ya ce: "Allah ya yi maku albarka." Bai ƙara maganar hana wasa ba.

Abin da ya tsai da babban daga wani wuri ya fito.

Ƙungiyar ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Kwana biyu kafin a buga, unguwar da za su kara da ita ta kai ƙara ga kwamiti. Suka ce mai tsaron gidan nan ya wuce shekara 15, a dubi tsawonsa, a dubi hannuwansa. Dokar gasar ta ce wanda ya wuce 15 ba ya bugawa. Kwamiti ya ce kowane yaro ya kawo takardar haihuwa.

Ƙaramin yana da tashi, don a likita aka haife shi cikin gari, kuma da ita aka sa shi lakwal. Babban ba ya da ita. A gida aka haife shi can ƙauye, aka yanka rago, aka raɗa suna, ba wanda ya je ya rubuta.

Rigimar shekaru ba a Maraɗi ta fara ba. Har a manyan gasa na duniya ana yin ta. Tun 2009, a gasar duniya ta ƴan ƙasa da shekara 17, na'ura ake sa ma yara ta duba ƙashin wuyan hannunsu, don ƙashin yana nuna ko yaro ya gama girma. Ƙungiyar yaran Nijar ta je irin wagga gasa a Indiya cikin 2017, har ta ci Koriya ta Arewa ɗaya da nema. Kwamitin unguwa ba ya da na'ura. Takarda kaɗai ya sani. Kuma ba a ga laifinsa ba, don an sha kawo ƙato mai aske gemu a ce yaro ne.

Uban ya je da kansa wurin shugaban kwamiti. Ya ce: "Ɗana ne. Ni na san ranar da aka haife shi."

Shugaban ya ce: "Baba, ba mu ƙaryata ka ba. Wace shekara ce?"

Uban ya ce da kaka ne, ana cikin yankan hatsi. Shekarar kuwa bai riƙe lambarta ba.

Aka buga wasan ba da babban ba. Ya zauna bakin fili kusa da farantin ƙanwarsa. Wani yaro da bai saba ba ya tsaya gida. Ƙaramin ya ci ɗaya tun farko, unguwa ta ɗauki ihu. Bayan hutun rabin lokaci aka zura masu uku. Na ƙarshen ma tsakanin ƙafafun yaron ya bi. Autar ta rubuta 3 da 1 cikin littafinta, ta rufe shi. Kan hanyar gida ƙaramin ya cire takalmin ya miƙa ma wansa. Babban ya ce: "Riƙe, ni mi zan yi da shi?"

Abin ya tsaya ma uban a rai. Ba don kofi ba. Abin da ya dame shi, an tambaye shi shekarun ɗansa gaban yara, ya kasa faɗi. Wani mushen lakwal maƙwabcinsu ya yi mashi bayani. Ya ce in an haifi yaro, ko a gida ne, a je a sanar da wuri wurin masu rubuta haihuwa, a samu takarda ba wahala. In an bari lokaci ya wuce, sai an bi ta gidan shari'a da shaidu, alƙali ya yanke, sannan a ba da takarda. Ya ce mashi kuma ba ƙwallo kaɗai ke neman ta ba. Jarrabawa na nemanta, katin ɗan ƙasa na nemanta, tafiya na nemanta.

Ran wata Juma'a uban ya hau mota zuwa ƙauyensu neman shaidu. Ya samu ƙanen mahaifinsa da wanzamin da ya yi ma yaron askin suna. Tsohon ya ce shekarar da aka sha wuyar hatsi ce, kafin sabo ya shigo. Wanga bai isa ba, don shekarun wuya suna da yawa. Wanzamin ne ya warware. Ya ce ba ya mantawa: ran sunan, da marece, maza duka sun taru kan rediyo ɗaya ƙofar gida, har tuwon suna ya huce. Ran nan ne Mena ta ci Masar a Yamai. Ya ce da aka yi cin, wani ya yi tsalle ya taka mashi zabira.

Mushen ya san ranar. Mena, ƙungiyar ƙasar Nijar, ta ci Masar ɗaya da nema ran 10 ga Oktoba 2010, Musa Maazu ne ya ci. Masar a lokacin ita ke riƙe da kofin Afirka, sau uku a jere. Wanga ci yana cikin abin da ya kai Nijar gasar Afirka ta 2012, karon farko. In suna ya kama ran 10, to haihuwa ran 3 ga wata ke nan. Ashe ranar da aka hana yaron wasa, bai ma cika shekara 15 ba. Tsawo ne kawai da aikin hauya.

Takarda ba ta fita rana ɗaya. An je, an dawo, an sake komawa. Kafin nan an buga wasan ƙarshe, wata unguwa ta ɗauki kofi, an zaga da shi gari bisa babura. Lakwal ta buɗe, aka tuge itatuwan dogon yaro daga farfajiya. Ƙaramin da autar suka koma aji. Babban da ubansa suka shiga yankan hatsi. Amalanken shanu suka riƙa shigowa gari da damma, ƙura na tashi bayansu. Ruwan gulbi ya fara ja da baya, masu lambu suka sauka fadama.

Ranar da uban ya kawo takardar, bayan magariba ne. Da faransanci aka rubuta ta. Ya miƙa ma ƙaramin ya karanta, sai babban ya ce a ba shi tukuna. Ya kai ta kusa da fitila, ya bi da yatsa a hankali har ya gane sunansa, da sunan ubansa, da na ƙauyensu. Lambobin ba su ba shi wuya ba.

Ƙaramin ya leƙa ta kafaɗarsa, ya ƙidaya da yatsu. Ya ce: "Yaya, baɗi kamar yanzu ka wuce 15. Ba za su bar ka cikin namu ba."

Babban ya ce: "Sai in shiga na manya."

"Takalmin fa?"

Uban ya karɓi takardar, ya naɗe ta cikin leda, ya sa cikin akwatin ƙarfe tare da ta ƙaramin da ta autar. Ya ce in an sai da wake, a ga abin da ya rage.

Gonakin bakin gari an kwashe masu kara. Bayan la'asar yara sun kafa duwatsu biyu nan, biyu can, awaki na kiwo gefe.